Bernard Fagg da Kawunan Ƙaramin Jirginmu

Al'adar wannan shafi ce kowace shekara mu ɗauko rayuwar wani mutum da ya riga mu gidan gaskiya mu baje ta gaban 'yan uwa, musamman waɗanda aiki ko fatauci ko karatu ya zaunar da su a Kaduna da Kano da Abuja da Ikko. A fitowar baya mun yi ta kawo sarakuna da malamai da attajirai, mutanen da kowa a garin nan ya san ƙofar gidansu. Bana kuwa mun tsallaka teku. Wanda muka ɗauko Bature ne ɗan Ingila mai suna Bernard Fagg, wanda bai haɗa jini da kowa a cikinmu ba. Dalilin kawo shi guda ne. Ƙaramin jirgin ƙasan da ya raya garinmu shekara 45, daga 1912 zuwa 1957, ya tafi da dogonsa da ma'aikatansa, kuma mafi girman abin da ya rage daga gare shi wanda ido zai gani hannu ya taɓa, wato kawunansa da taragunsa, yana tsaye ne a filin gidan tarihin da wannan mutum ya gina a Jos.

An haifi Bernard Evelyn Buller Fagg ranar 8 ga watan Disamba na 1915 a Upper Norwood, wata unguwa a kudancin birnin Landan. Mahaifinsa mai sayar da tsofaffin littattafai ne, irin waɗanda ake nema saboda daɗewarsu, don haka ya tashi a gidan da ake ganin darajar abin da ya tsufa. Yayansa William, wanda ya girme shi da shekara guda, shi ma wannan hanya ya bi har ya zama babban jami'i a Gidan Tarihin Birtaniya, ya shahara da sanin sassaƙa da ƙere-ƙeren Afirka, musamman na ƙasar Yarabawa da Bini. Bernard ya yi sakandare a Kwalejin Dulwich, daga nan ya wuce Jami'ar Kambirij inda ya karanta Latin da Girkanci, sannan ya juya ga ilimin tonon kayan tarihi da nazarin al'adun al'umma. A wancan zamani irin wannan karatu da wuya ya ci da mutum. Sai ya shiga aikin mulkin mallaka, aka turo shi Nijeriya a 1939 a matsayin ƙaramin jami'in mulki, irin waɗanda iyayenmu ke kira Ediyo, aka ajiye shi a Jos.

Kafin mu bi shi, ya kamata mai karatu, musamman ɗanmu da aka haifa a birni, ya san irin garin da ya tarar. Jos 'yar kuza ce. Tun kafin zuwan Turawa, Hausawan Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna narka kuza suna zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa. Waɗannan tsinkaye ne ma'aikatan Kamfanin Neja suka gani a hannun 'yan kasuwa, suka bi sawunsu har kan tsaunukan Filato a 1902 da 1903. Zuwa 1910 kamfanoni sun yi ca a kan wurin. Abin da ya gagare su shi ne ɗauka. Kuza nauyi gare ta, hanyar mota kuma babu. A kan 'yan alaro ake ɗora ta, su yi tafiyar kusan mil 200 a ƙasa zuwa Loko a bakin Binuwai, inda ake zuba ta a jirgin ruwa. Da layin Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai masu kuza suka matsa wa gwamnati lamba a ja musu reshe.

Gwamnati ta ja musu, amma mai arha. Faɗin babban dogo ƙafa 3 ne da inci 6, na wannan reshe kuwa aka yi shi ƙafa 2 da inci 6, domin ƙaramin dogo ba ya cin ƙarfe da yawa, kuma yana iya karya kwana mai tsanani ya zagaye dutse maimakon a fasa dutsen. An fara aiki a 1911, jirgi ya isa Rahama a 1912, ya hau tsauni ta Jengre ya isa Jos da Bukuru a 1914. Tsawonsa mil 143. A takardun Turawa Bauchi Light Railway ake kiransa, wato ƙaramin layin dogo na Bauci, ko da yake bai taɓa taka garin Bauci ba. A lokacin ƙasar kuza cikin Lardin Bauci take, sai a 1926 aka yanke Lardin Filato. Mun sha ganin yadda wannan suna ke rikita ɗalibai, har da wasu malamansu.

Kawunan da ke jan jirgin na tururi ne. Ana hura wuta a murhu, zafin ya bi ta cikin bututu masu yawa da suka ratsa tukunyar ruwa, ruwan ya tafasa, tururin ya tura ƙarfen da ke kai da komo cikin silinda, shi kuma ya juya ƙafafu. Irin wannan kai ƙishirwa gare shi, tankinsa kuma ƙarami, saboda haka dole ya riƙa tsayawa shan ruwa. A nan ne tashoshi irin tamu suka sami abin yi. Inda jirgi ya tsaya, mai ƙosai za ta zo, mai rake zai zo, mai sayen gyaɗa da auduga zai kafa sikeli, baƙo ya nemi fili a wajen mai unguwa ya yi gida. Duk wanda gidansu ke unguwar tasha, ya tambayi kakarsa daga ina kakansa ya taso, zai ji abin mamaki. Jinkirin jirgin kuwa sai da ya zama abin barkwanci. Tafiyar da mota ke yi yau cikin awa uku ko huɗu yini guda yake ci, dattawa kuma har gobe suna ba da labarin yadda samari kan diro a wurin hawan tudu, su taka da ƙafa, su sake kama tarago.

Fagg bai daɗe a kujerarsa ba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗauke shi. Ya bi rundunar Afirka ta Yamma zuwa Gabashin Afirka, inda aka kara da Italiya a kan Habasha. A Kenya ya sadu da Louis Leakey da matarsa Mary, mashahuran masu binciken asalin ɗan Adam, ya yi amfani da hutunsa yana koyon tono a hannunsu. A shekarun yaƙin ne kuma ya auri Catherine Davidson, wadda ta zama abokiyar aikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Ya dawo Jos ya tarar da ƙasar kuza cikin wani hali. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun kaso mai tsoka na kuzarta, sai ido ya koma kan Filato. Gwamnati ta kafa dokar aikin tilas, aka ɗora wa sarakuna da hakimai adadin mazajen da kowane zai kawo, abin da dattawanmu ke kira ɗiban gwamna. Tsakanin 1942 da 1944 an kwashi kimanin mutum 100,000 daga lardunan Arewa. A 1943 kuzar da aka haƙo ta haura tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba har aka tashi. Sanyin Filato da ƙarancin abinci da cuta sun kashe mutane da dama, wasu suka gudu suka dawo gida a ƙasa. Akwai gidaje a garin nan da har yau suke tuna wanda aka saka a tarago a tashar nan bai dawo ba. Duk wanda zai yi maganar ƙaramin jirgi da shauƙi, ya haɗa da wannan a cikin lissafinsa.

Cikin wannan gaggawar tono ne ƙasa ta amayo abin da ya sauya rayuwar Fagg. A 1943 aka tono wani kai na gasasshen yumɓu a ramin kuza kusa da Jama'a. Akawun wurin ya ɗauke shi ya kai gonarsa ta doya ya yi mutum-mutumi da shi don korar ɓarna, ya shekara a nan ruwa na dukansa, har manajan ramin ya gan shi ya kawo shi Jos. Da aka nuna wa Fagg a 1944, sai ya tuna da wani ɗan kai mai kama da na biri da ke ajiye a ofishin ma'adinai, wanda aka tono tun 1928 a ramin Kanar Dent Young kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba. Ya jera su biyun ya duba. Yumɓun iri ɗaya, salon hannun iri ɗaya. A kan irin waɗannan kawuna ido yakan zo da kusurwa uku ko kamar rabin wata, an huda ƙwayarsa, an huda hanci da kunne da baki, gashi kuma an yi masa kitso da tukkaye na ƙasaita. Cikinsu holoƙo ne, an ɗaga su da nadin yumɓu kamar yadda mata ke gina tukunya, hudojin kuma suna taimakon iska ta fita lokacin gashi don kada su fashe. Fagg ya gane cewa aikin wata al'umma ce guda da ta zauna a faɗin ƙasa mai yawa, ya sa mata sunan Nok, ya buga bayaninsa na farko a 1945. A shekarar 1944 ɗin kuma ya yi tono a kogon dutsen Rop, inda ya sami ƙananan kayan aiki na dutse.

Abin da ya yi bayan wannan shi ya fi burge mu, mu da muka ƙare rayuwarmu a gaban allo. Ana samun kuza ne cikin tsakuwar tsofaffin rafuka da ƙasa ta binne, ana kwasar ta da kwano ana wanke ta da ruwa, don haka duk abin yumɓu da ke ciki a farfashe yake fitowa, lebura kuma kuza ake biyansa, ba katanga ba. Fagg ya riƙa bin sansanonin haƙa ɗaya bayan ɗaya, yana nuna wa manajoji da helumomi da leburori irin abin da yake nema, yana roƙon in an gani a ɗaga shi a hankali, a lura da zurfin da ya fito, a aiko masa. Wato dai ya mai da ramin kuza aji. Cikin 'yan shekaru gutsattsari suka taru daga wurare masu nisa da juna. Ya ƙiyasta cewa al'ummar ta yi zamani tun wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), abin da wasu masana suka yi wa kallon zuzutawa. Daga baya, a shekarun 1960, ya yi tono a Taruga, cikin yankin da yau yake Babban Birnin Tarayya, ya sami gutsattsarin Nok tare da murahun narka tama, awon kimiyya kuma ya nuna sun girmi haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. Masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus da suka fara aiki a yankin a 2005 sun ƙara tura farkon al'ummar baya zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar.

Wani ɗan uwa zai ce gumaka ne, me ya haɗa mu da su? Babu wanda ya ce a rusuna musu. Amma mu da muka yi makarantar horon malamai mun ga tsofaffin littattafan da ke koyar da cewa baƙar fata bai san komai ba sai da baƙo ya zo ya nuna masa. Waɗannan kawuna da murahun Taruga suna cikin hujjojin da suka rufe bakin masu wannan magana.

A 1947 aka mai da Fagg Sashen Kayan Tarihi, ƙarƙashin Kenneth Murray wanda ya kafa sashen a 1943. Kayan da ya tara suna bukatar ɗaki, kuɗin da aka ba shi kuma kaɗan ne, sai ya tsaya da kansa a kan magina da kafintoci har gini ya tashi a gindin wani tudu a tsakiyar Jos. An buɗe shi a 1952, bayan na Esie da aka buɗe a 1945, kafin na Ife a 1954 da na Ikko a 1957. Tun shekarar farko dubun-dubatar mutane suka shiga, talakawa da leburori da 'yan makaranta. Bai ɗauki gidan tarihi a matsayin ɗakin da ake kulle tsofaffin kaya a bar wa Turawa da masana ba. Ya so ya zama wurin da iyali za su je su yini, shi ya sa aka kafa gidan namun daji a gefensa. An tara rubuce-rubucen malamanmu na Larabci a ciki. Daga baya aka ƙara zauren tukwane na ƙabilun Nijeriya, wanda Sylvia Leith-Ross ta tattara, sannan a 1963, da taimakon UNESCO, aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan gidajen tarihi daga ƙasashen Afirka, ana koyarwa da Ingilishi da Faransanci. Dokar 1953 da ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba tare da izini ba, ita ma ta wannan zamani ce.

Ya kuma yi renon mutane. Marigayi Malam Liman Ciroma, ɗan Fataskum, yana saurayi ya shiga sashen a 1949, ya yi aiki a hannun Fagg, aka tura shi Ingila ya karanta ilimin tonon kayan tarihi. Shi ne daga baya ya zama Sakataren Gwamnatin Tarayya daga 1977 zuwa 1979. A 1955 Fagg ya je Birnin Kudu duba zanen da ke jikin duwatsu, ya lura da wasu duwatsu masu amo kamar ƙararrawa in an buga su, jikinsu duk gurabun bugu, ya gane cewa kayan kiɗa ne na mutanen da. Matarsa ta ci gaba da wannan bincike har ta fitar da littafi a kansa a 1997, shekara 10 bayan rasuwarsa.

Yanzu mu koma ga jirginmu. Tun 1927 ajalinsa ya fara matsowa, shekarar da babban dogo daga Fatakwal ya isa Jos ta Kafanchan. Da can kowane buhun kuza sai an sauke shi a Zariya an sake loda shi a babban jirgi, tun da faɗin dogon ba ɗaya ba ne. Sabon layi ya ɗauke wannan wahala, yana kai kuza bakin teku kai tsaye, yana dawowa da kwal daga Inugu. Aka faɗaɗa mil 10 na tsakanin Jos da Bukuru, sauran mil 133 kuma suka ci gaba da rayuwa a kan fasinja da amfanin gona. Bayan yaƙi manyan motoci suka yawaita, suka ƙwace abin da ya rage. Ranar 30 ga watan Satumba na 1957 aka rufe layin, daga baya aka kwashe dogon. Mu da ke rubuta wannan shafi ba mu taɓa jin kukansa ba. Mun taso mun tarar da tudun da dogo ya bi, muna kiwon awaki a kansa.

A shekarar 1957 ɗin ce Fagg ya gaji Murray ya zama shugaban Sashen Kayan Tarihi na ƙasa baki ɗaya. Makomar kan jirgin da aka daina aiki da shi sananniya ce a ko'ina cikin duniya: a sa masa wutar yanka, a auna shi a sikeli, a narke. Amma wasu daga cikin kawuna da taragun ƙaramin layin sun tsira, aka kai su filin gidan tarihin Jos aka ɗora su a kan guntun dogo, inda ake nuna su tare da kayan haƙar kuza. Mai karatu ya yi tunanin yadda abin yake a idon mutanen lokacin. Ana jajibirin samun 'yancin kai, kowa sabo yake nema, kan jirgi mai shekara 40 kuwa tsohon ƙarfe ne kawai da ya ƙi sauri. Ba shi da shekarun Nok, ba a ƙera shi a nan ba. Kafin a ba shi wuri kusa da kan Jama'a sai an yarda cewa abin da aka yi aiki da shi jiya ma tarihi ne, cewa guminsa da na mutanen da suka yi masa hidima ya cancanci a tuna. Gidan da aka gina a kan wannan fahimta shi ya iya karɓarsa. Da babu gidan, da tuni kawunan sun zama rodi a ginin wani.

Ba za mu wanke shi tas ba. Ma'aikacin mulkin mallaka ne, ya ci albashin gwamnatin da ta yi ɗiban gwamna. Kawunan Nok sun fito ne daga ramukan kuza irin waɗanda aka haƙa a gonakin Birom da maƙwabtansu, waɗanda aka bar wa kududdufai masu zurfi da har yau suke cin mutane da dabbobi. Yawancin littattafai sun riƙe sunan kanar da na manaja, suka bar akawu da leburan da ya ɗaga kan daga laka babu suna. Shaharar da ya jawo wa Nok kuma ta jawo ɓarayi, musamman a shekarun 1990, lokacin da aka yi ta tonon sata ana fitar da kaya zuwa Turai. Wannan na ƙarshe ba laifinsa ba ne, shi da ya yi ta fama a hana fitar da su, amma yana cikin abin da ya biyo baya.

A 1963 ya bar Nijeriya ya zama shugaban Gidan Tarihi na Pitt Rivers a Jami'ar Oksfod. A can ma babban buri ya ɗauko, sabon gini mai da'ira da ƙubbar gilashi a tsakiya, wanda mashahurin injiniyan Italiya Pier Luigi Nervi ya sa hannu a zanensa. Kuɗi ba su taru ba, a 1968 kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ginin ya tsaya a takarda. Ya yi ritaya a 1975, ya fitar da littafinsa a kan kayan yumɓun Nok a 1977. A gida kuwa Ekpo Eyo ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci sashen a 1968, a 1979 kuma aka mai da sashen Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda gidan Jos ke hannunta. A farkon 1987 ɓarayi suka shiga gidan suka kwashe wasu kaya masu daraja, har da wani kan tagulla na Ife. Bayan wata bakwai, ranar 14 ga watan Agusta na 1987, Bernard Fagg ya rasu a Oksfod yana da shekara 71. 'Yarsa Angela ta gaji sana'arsa, ta yi tono a ƙasar Nok.

Kan yumɓu zai iya kwana shekara 2,000 a cikin ƙasa ya fito da kitsonsa. Ƙarfe ba shi da wannan haƙuri. Jos garin ruwa ne, tana samun kusan milimita 1,400 a shekara, kuma kan jirgin tururi yana da wuraren da ruwa ke so. Yana shiga ta bututun hayaƙi ya kwanta a akwatin gaba, inda tsohuwar toka da kunkunniya ke haɗuwa da shi su ci ƙarfe daga ciki. Yana ratsa ƙarƙashin rigar kwanon da aka naɗe tukunya da ita, ya zauna a can shekara da shekaru, ido na ganin fenti a waje alhali tsatsa ta gama aiki a ciki. Taragun katako gara ce abokiyar gabansu. Katakon da dogo ke kwance a kai in ya ruɓe, ƙafafu su nutse a laka. Kayan tagulla da farin ƙarfe kuwa, irin su famfuna da agogon awo da allon lamba, su ne farkon abin da hannu ke ɗauka, balle a wannan zamani da 'yan jari-bola ba su bar murfin kwata ba. Maganin waɗannan duka ba na miliyoyi masu yawa ba ne: rumfar kwano a sama, murfi a bakin bututu, a kwashe toka, a kankare tsatsa a shafa jan fenti kafin baƙi, a sa man giris a gaɓoɓi, a ɗaga dogo a kan tsakuwa, a kewaye da shinge. Wasu matasanmu sun taɓa kawo shawarar a sake tayar da kai ɗaya ya yi tafiya. Muna yaba zumuɗinsu, amma tukunyar da ta shekara sama da 60 babu wuta ba a hura ta sai an kwance ta an gwada ta da matsin ruwa, galibi ma sai an sake ta, in ba haka ba bam ce. A fara da rumfa.

Kawunan ba mallakarmu ba ne, na ƙasa ne, kuma hukuma ce ke riƙe da su. Sai dai babu dokar da ta hana ƙungiya irin tamu ta rubuta wa hukumar ta nemi izinin taimakawa, ko ta gayyaci takwarorinta na Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre a haɗa hannu, tun da jirgi ɗaya ya shayar da mu. A cikinmu akwai injiniyoyi, akwai 'yan kwangila, akwai dillalan kwano da fenti a Kano da Kaduna. Akwai kuma abin da ke ƙofar gidanmu wanda ba ya bukatar izinin kowa. Ragowar harsashin tasharmu da gindin tankin ruwa suna nan, gine-gine na ta matso su, ya kamata a roƙi Mai Girma Hakimi a shata wurin a kafa allo. Guntayen dogon da aka yi ginshiƙin rumfa da su a wasu zaurukan garin nan, a ƙidaya su a rubuta gidajen da suke.

Abin da ya fi gaggawa shi ne mutane. Yaron da ke da shekara 12 ranar da aka rufe layin, a 1945 aka haife shi, yau dattijo ne ɗan 80. Waɗanda suka yi aikin gyaran dogo ko zuba kwal ko sayar da tikiti sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu da matansu suna nan, wasu da hoto ko katin aiki ko fitilar hannu a ƙasan adaka. Muna roƙon duk ɗan garin da zai zo gida hutun Babbar Sallah ya zauna da dattijon gidansu, ya kunna wayarsa ya naɗi abin da zai faɗa: nawa ne kuɗin zuwa Zariya, wace rana jirgi ke zuwa, wa aka ɗiba zuwa kuza, wa ya dawo. A rubuta sunan mai magana da unguwarsu da shekarar haihuwarsa in an sani, a miƙa wa sakataren ƙungiya kafin babban taron shekara, domin a fara bugawa a wannan shafi a fitowa ta gaba.